Duron Fetur na Dattijo Markus

Duk wanda ya zauna a Ƙofar Kaura a shekarun da kuɗin mai suka ruɗa ƙasar nan ya san Kande mai tuwo. Ko bai san fuskarta ba, ya san muryarta. Ita ce matar nan da in ta durƙusa addu'a da sassafe sai ka rantse da wani take faɗa. Maƙwabciyarta Kulu, Bakatsiniya da katanga ɗaya ta raba su, ta sha ajiye tsintsiya ta leƙo don ta raba rigima, sai ta tarar Kande ita kaɗai ce, ido a rufe, tana nuna sama da yatsa. Da can ba haka take ba. A hankali take addu'arta kamar kowa, har zuwa bazarar da mijinta ya rasu.

Daga wani ƙauye a bayan Zonkwa suka zo, ita da mijinta Ayuba, bayan an gama yaƙin basasa. Ayuba birkila ne, mutum mai sanyin hali, wanda ko akuya ta ci masa tuwo sai ya ba ta haƙuri. Lokacin gini ake ko'ina a Katsina, aiki bai yanke masa ba. Kande kuwa ta kafa tukunya a bakin hanya tana sayar wa leburori tuwo da miyar kuka. Ran Lahadi ta ɗaura zanen zumuntar mata, ta rungumi tulunta na kiɗa, ta tasa 'yarsu Esther a gaba su tafi coci sujada.

Sai ga Udoji, ƙarin albashin nan da aka biya har da na watannin baya. Ma'aikatan gwamnati suka wayi gari da abin da ko a mafarki ba su taɓa riƙewa ba, gari ya cika da babura da rediyo mai kaset, wanda jiya yake aron keke yau ba ya amsa gaisuwa. Birkila dai bai ga Udoji ba, sai dai ya ga tsadar gero. Cikin waɗanda abin ya faɗo a kansu har da Markus, akawu a wani ofis kuma dattijon ikilisiya. Ɗan ƙauyensu Ayuba ne, tare suka yi kiwon awaki suna yara. Shi mota fijo ya saya.

Markus ne ke koyar da Littafi Mai Tsarki duk ran Laraba da yamma, kuma ba abin da yake so kamar annabci. Ba abin da zai faru a duniya bai nemo masa aya ba. Fari ya kashe shanu, alama ce ta tashin duniya. Sojoji sun yi juyin mulki, alama ce. Jiragen siminti sun cunkushe a teku, ita ma alama ce. Ba za a ce yaudara yake ba, don shi kansa har gumi yake in yana bayani. Kande ta yarda da shi ɗari bisa ɗari, takan dawo gida jikinta a sanyaye, ta roƙi Allah ya same su a shirye.

Ana tsakiyar zafi Ayuba ya faɗo daga saman wani bene. Ɗan kwangilar ya yi rowar katakon da magina ke hawa, ya sa an ɗaura tsofaffi, ɗaya ya karye. A gadon asibiti Ayuba ya kama hannun matarsa.

"Maman Esther, kada ki bar ni a nan. Ki kai ni gida wurin baba."

"Zan kai ka," in ji ta.

Maganarsa ta ƙarshe ke nan. A wurin mutanensu, mutum yana iya ƙare rayuwarsa a baƙunci, amma kwanciyar ƙarshe a gida ake yin ta, kusa da iyaye. Wanda aka binne a waje kamar an shela wa duniya ne cewa ba shi da kowa. Asibiti suka ce wutar lantarki ba ta tsayawa a ɗakin ajiye gawa, a zo a ɗauke shi. Aka kawo shi ɗaki aka kwantar a kan jiƙaƙƙen yashi, matan zumunta suna yi masa fifita, Kulu na miƙo ganyen bedi, wato darbejiya, da turaren wuta ta kan katanga.

Mota ba ta yi wuya ba. Bala mai a-kori-kura, wanda ya saba cin tuwon Kande, ya ce a samo mai kawai, tafiya tasa ce. To, man ne babu. Ƙasar da ake cika baki cewa mai ya yi mata yawa har ba ta san yadda za ta yi da arzikinsa ba, ita ce babu ɗigon fetur a gidajen mai. Motoci sun yi layi kamar an shanya su, direbobi na kwance a ƙarƙashinsu suna gyangyaɗi. Kande ta ɗauki galan biyu, ta taka daga Ƙofar Kaura har Ƙofar 'Yandaka, gidan mai bayan gidan mai, tana cewa gawa gare ta a ɗaki. Kowa sai ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya nuna mata busasshen famfo. Ta dawo ƙafa duk ƙura, galan ɗin na ƙara kamar yadda suka tafi.

Washegari Bala ya ja ta gefe. Ya ce akwai duro guda cike da fetur a bayan gidan Dattijo Markus, shi da kansa ya taya shi gangara shi watannin baya.

Kande har ta ji sanyi a ranta. Ta ce ashe Allah ya riga ya shirya. Ta same shi a zaune a ƙofar gida, Littafi a kan cinya, idonsa jawur don kukan abokinsa. Ta durƙusa suka gaisa, ya yi mata ta'aziyya, ta yi masa, kana ta faɗi abin da ya kawo ta.

Markus ya gyara zama ya ce:

"Maman Esther, man nan ba nawa ba ne, na ranar nan ne. Kin sha ji a bakina: in alamu suka cika, wanda yake cikin birni ya gudu zuwa duwatsu. Da me zan kwashe yara in ranar ta zo? Yadda nake ganin abubuwa, da wuya mu kai damina."

"Dattijo, Ayuba ne fa."

"Na sani. Amma ki tuna, ƙasa duka ta Ubangiji ce. In ƙaho ya busa, na Katsina da na Zonkwa tare za su tashi."

Kande ta ɗago kai. Ba ta taɓa mayar wa dattijo magana ba a rayuwarta, amma ran nan bakinta ya buɗe.

"In ƙasa duka tasa ce, me zai kai ka duwatsu? Zauna nan ƙahon ya same ka mana. Yusufu da yake babba a Masar, ai sai da ya sa aka rantse masa za a kai ƙasusuwansa gida. Shi bai san ƙasa ta Ubangiji ba ce, sai kai?"

"Mu yi addu'a," in ji Markus, ya rufe ido.

Yana cikin roƙa mata haƙuri da ƙarfin zuciya ta miƙe ta ɗauki galan ɗinta. Ko da ya ce amin, ba kowa a gabansa.

Kafin rana ta yi tsaka turaren wuta ya daina ɓoye komai. Masu fifita suka fara fita ɗaya bayan ɗaya suna shan iska. Ba wanda ya iya tunkarar Kande sai Kulu, wadda ta yafa mayafi ta zagayo ta ƙofa, ta zauna kusa da ita.

"Kande, ki yi haƙuri in hwaɗa maki gaskiya. Mutumen ga ya gaji. Abin da za ki iya kin yi, kowa ya gani. Ku kai shi makwancinshi."

Aka binne Ayuba da la'asar a maƙabartar Kirista da ke bayan gari, cikin farin yashin da ba na kakanninsa ba. Markus ya zo a fijonsa, ya karanta aya a kan tashin matattu. Kande ba ta yi kuka ba, ba ta kuma amsa waƙa ba. Motar take kallo.

Da asubar da ta biyo baya Kulu ta fara jin muryar nan. Kande na durƙushe tana cewa, "Kana ji na yi masa alkawari. Kai ka zuba mai a ƙarƙashin ƙasar nan, galan nawa na roƙe ka? Ka bari na zama maƙaryaciya a gaban gawa. To ga ni, ba inda za ni, kuma ba zan yi maka shiru ba."

Da suka haɗu a bakin famfo Kulu ta ce, "Ke ko ba ki tsoron Allah? Mi kike hwaɗa mashi haka?"

"Da ba na tsoronsa, da tuni na daina zuwa," in ji Kande. "Wa nake da shi da zan kai wa ƙara?"

Dangi suka aiko ta tattara ta koma gida da yarinya. Ta ce ba ta zuwa. In ƙahon ya busa da gaske, ba za ta bari Ayuba ya tashi ya waiga ya ga ba kowa nasa ba. Ta ci gaba da tuƙa tuwonta, ta ci gaba da zuwa sujada, ran Laraba ma ba ta fashi. A benci na gaba take zama ta kafa wa Markus ido, har sai ya riƙa ɓata layi yana komawa baya.

Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi, duniya dai ba ta tashi ba. Da Disamba ta kama, lokacin da 'yan kudancin Zariya ke tafiya gida Kirsimeti, ƙarancin mai ya sake dawowa. Markus kuwa bai shiga layi ba. Ya buɗe duron ranar nan, ya cika tankin fijo, ya ɗaure akwatuna a sama, ya zuba iyali a ciki. Yana tayar da mota ya ga Kande tsaye a gabanta, riƙe da buhun da ba komai a cikinsa.

Ya fito yana gyara murya. "Maman Esther, ko saƙo ne?"

"Saƙo ne. Ka je gidan uban Ayuba, gefen kabarin tsohon, ka cika mini wannan da ƙasa. Man da ya ƙi kai shi gida, to ya kawo masa gidan."

Mutane sun fara taruwa. Markus ya dubi fuskarta. Ya karɓi buhun da hannu biyu.

Bayan sabuwar shekara ya kawo shi, da kansa ya sauke a ƙofar ɗakinta, bai ko tsaya shan ruwa ba. Kande ta aza buhun a ka, ta ƙi yarda kowa ya taya ta, ta taka har maƙabarta. Ta kwance bakinsa, jar ƙasar gida ta zubo a kan farin yashi, har da 'yan tsakuwa da busasshen saiwar ciyawa. Ta baje ta da tafin hannu.

"Baban Esther, ban kai ka ba," ta ce. "Ga abin da na iya."

Sai a lokacin hawayen suka zo, ta bar su suka zuba. Ƙasar ba ta rufe kabarin ba, ko rabinsa ba ta kai ba. Kande ta kakkaɓe buhun, ta ninke shi, ta sa a hammata, don baɗi ma akwai Kirsimeti.