Kawuna Huɗu na Irin Albasa

Shekarun baya, lokacin Nasara ba su daɗe da cin ƙasa ba, aka kawo ni aure Jiga Birni. Ni 'yar ruga ce, daga wajen Mungadi. Nono na sani, man shanu na sani, amma albasa sai dai a miya. Hausata ma a karkace take, in na buɗe baki a bakin rijiya mata su yi ta ƙyaƙyata dariya. Sai na koyi yin shiru, na kuma ƙudura ba zan tambayi kowa komai ba. Girman kai gare ni a lokacin, ba na musu.

Gidan daga ni sai mijina, iyayensa duk sun rasu. Da kaka ta yi, an gama yankan gero, sai ya sauko da wasu manyan albasa da ya ɓoye tun bara. Muka je bayan gida inda ya ja fangali biyu kusa da rijiya. Yana yanke kan kowace, ni ina binne gindin. Ya ce wannan ba ta ci ba ce, ta iri ce, kuma irin mahaifinsa ne, ja mai kauri, wadda takan daɗe a ajiye ba ta ruɓe ba. Ita kenan ta rage masa.

Kwana tara da dasawa mai gari ya aiko, wai Bature na son 'yan dako, kowace unguwa ta ba da mutum. Aka nuna mijina. Yana ɗaura gammo a ƙugu yana ce mini: "Ki ba ta ruwa sahe da marece. Kahin ta yi hure na dawo, in Allah Ya so."

Sanyi ya shigo, gida ya yi mini faɗi. In dafa tuwo ya kwana, don ban iya dafa na mutum ɗaya ba. Kewa ta ishe ni har na fara yi wa albasa hira da Fulatanci ina jan guga. Ita dai ba ta taɓa yi mini dariya ba. Ta yi kore shar, har ta fara fitar da wasu dogayen kara masu ƙulli a kai.

Wata rana ina dawowa daga itace na bi ta fadama, na ga manoma suna bin albasarsu suna karye irin wannan karan suna yarwa. Na ji ɗaya yana cewa in aka bar shi albasa ba ta yin girma. Na ce a raina, ashe haka ake yi! Maimakon in tambaya, sai na ruga gida ina murna na gano sirrin Hausawa. Na duƙa na bi fangali ina karyewa ɗaya bayan ɗaya, har da 'yar waƙata.

Saura kara huɗu, maƙwabciyata ta shigo ɗibar wuta. Tsohuwa ce, ba ta cika magana da ni ba. Ta saki kaskon hannunta.

"Ke ɗiyag ga! Mi kika yi haka? Wagga ai ta iri ta! Ta ci aka karye ma kai. Can cikin huren iri shike!"

Na dubi tulin karan da ke gabana. Na zauna cikin laka na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da ya tafi. Tsohuwa ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce: "Tashi. Huɗu ma iri na. Bakinki dai ki riƙa buɗewa."

Kawunan nan huɗu na yi renonsu kamar jarirai. Na kewaye su da ƙaya saboda awaki, na kafa wa kowanne sanda kada iska ta kayar da shi. Suka yi fure fari, ƙudan zuma na zuwa. Mijina bai dawo ba. Furen ya bushe, na murza shi a faifai yadda tsohuwar ta nuna mini, don zuwa lokacin Inna nake ce mata. Baƙin iri ya fito bai cika tafin hannu ba. Na ƙulle shi a tsumma na rataye a ɗaki. Har na shirya yadda zan ba shi labarin wautata, ya yi faɗa, sannan in miƙa masa ƙullin.

Da damina sauran 'yan dako suka dawo. Suka ce sun baro shi a wani zango ba shi da lafiya, ba ya iya tafiya. Daga nan ba wanda ya ƙara jin ɗuriyarsa. Ni kuwa na ce ba mai kwance ƙullin nan sai shi.

Ruwa ya fara ja baya, kowa ya yafa irinsa, nawa yana rataye. Inna ta zo ta tsaya a ƙofar ɗaki.

"Irin albasa ba shi shekara biyu, ɗiyata. In kinka bar shi baɗi, ya mutu."

Na ce, "Inna, shi zai shuka."

Ta juya ta fita. Kwana uku ina duban tsumman nan. Rana ta huɗu da hantsi na sauko da shi, na gyara ƙasa, na kwance, na yafa da hannuna. Ya tsiro tsaf.

Yanzu na tsufa. Irin nan ya bazu, gidaje da yawa a unguwarmu shi suke shukawa, wasu har suna kiransa irin Bafulatana, ni da na kusa hallaka shi. Na koyi tambaya, har na yi yawa, jikoki na cewa na cika bin diddigi. Amma in aka tambaye ni yaushe mijina na fari ya rasu, ban san rana ba, ban san kabari ba. Abin da nakan ce shi ne, ranar da na kwance tsumma.