Yarinyar da Jikinta Ya Ƙi Gyaɗa

Ko a kabari aka tashe ni, ba zan manta da ranar da Malam Isiyaku ya shigo da 'yarsa Hajara a kafaɗa ba. Lokacin ina malamin asibiti a Rogo. Ku yaran yanzu kun samu sauƙi. Ni ne mai allura, ni ne mai shara, ni ne sarkin korar awaki daga ɗakin magani. Likitan kuwa Bature ne, yakan zo rangadi daga Kano ta Karaye, ganinsa sai ka ce watan sallah cikin hadari.

Hajara ta kai shekara biyar, amma ka ce jiya aka yaye ta. Ƙafafu sun gwame, shan ruwa kamar raƙumi, fitsari kuwa ya isa noman rani. Aka yi sa'a likita yana gari. Ya auna fitsarin, ya ce ƙodarta ce ta kasa fitar da tsamin da ke taruwa a jini. Ya ba da wani farin gari, dangin kanwa, a riƙa dama mata kullum, kada a fasa. Yarinya ta fara miƙewa, har tana yi mini gwalo.

Da kaka, ana tsakar cirar gyaɗa, aka dawo da ita leɓe ya kumbura, jiki duk ruɗu-ruɗu, tana susa. Da na bi diddigi, kowane tashin abin bayan kunun gyaɗa ne. Da likita ya zagayo ya tabbatar. Na tambaye shi ko duk masu wannan ciwon ƙoda haka suke. Ya ce ya ga masu yi, ya ga marasa yi, yawansu kuwa shi ma bai sani ba.

Na ce wa uban, "Malam, jikinta ne ba ya karɓar gyaɗa. A raba ta da ita, a ci gaba da garin."

Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. "Haba malamin asibiti! 'Yar Rogo ta ƙi gyaɗa? Gyaɗar da ta raini kakana? Garin Baturenku dai, shi ne baƙo a cikinta."

Na ce, "Wata nawa tana shan sa lafiya?"

"Ai dafi ba ya gaggawa."

Suka zubar da garin. Don ta yi ƙarfi kuma, kakarta ta ƙara mata kunun gyaɗa, da kauri, saboda ƙauna. Na je gidan, na roƙa, na kai magana gun dagaci, aka ba ni tabarma da fura da "in sha Allahu". Kafin a gama ɗaure buhunan gyaɗa, aka kawo ta numfashi sama-sama, ba ta ko iya ɗaga wuya. Ba ta kai ga zuwan likita ba, ta rasu.



To, ku riƙe wannan. A aikinmu gano ciwo shi ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne ka sa mutum ya zargi abin da ya rayu a kansa, alhali ga baƙo a kusa da zai ɗora wa laifi.