Motar da Na Sauke Saboda Baba

Shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, ni na ɗauko shi daga Bakura na kawo shi gidana a Talata Mafara, don asibiti ya fi kusa. Yayana, wanda yake sana'ar dabbobi a can Bakura, bai hana ba, bai kuma taya ni ɗaukar ko buta ba.

Baba yana da mota, tsohuwar jif 'yar Kwatano, doguwa kamar raƙumi. Da ita muke kai shi asibiti da masallacin Juma'a, wani lokacin kuma Kaya, wajen ƙanwarsa da muke kira Goggo. Shiga motar nan ita ce azabarsa. Sai na rungumo shi ta hammata na ɗaga, mutane suna kallo. Mutumin da a da yake kayar da bijimi shi kaɗai. Wata rana da na zaunar da shi sai na ga ya juyar da kai, yana share ido da hannunsa na dama, mai lafiyar.

Na je gareji na tambayi bakanike ko ana iya rage wa mota tsawo. Ya ce a yanke sifirin, ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar a kan tayoyi, aikin yini ɗaya ne, amma abin da aka yanke ba ya komawa. Na tuna hanyar Kaya da damina, na ce a'a. Sai ya ce akwai wata shokazoba mai zobe a jikinta, ana murza zoben da sifana, motar ta sauka ko ta tashi yadda mutum yake so. Ba a samunta a Mafara, sai dai a aika Sakkwato. Na daɗe ina juya maganar, don ya gargaɗe ni cewa motar za ta ƙara tauri a kan gargada. Daga baya na ce a kawo.

Da aka ɗaura, aka sauke ta kamar faɗin tafin hannu da ɗan ɗori. Ba wani abu ba ne a ido, amma ga Baba duniya ce. Ya koyi kama hannun ƙofa da damansa, ya juya baya, ya zauna, sannan ya jawo ƙafar da ta mutu. Ranar da ya fara shiga da kansa har dariya ya yi, ya ce in matsa, kada in taɓa shi.

Yaya ya zo ya ga motar, ya zagaye ta yana taɓe baki.

“Mi ka yi wa motar Baba?”

Na yi masa bayani. Bai bari na kai ƙarshe ba.

“Kai dai ka so ka yi burga irin ta samarin banza masu wasa da mota, shi ne ka laɓe bayan tsoho. Wagga mota ta gidanmu ce, ba taka ba.”

“Yaya, je ka tambaye shi, ga shi nan zaure.”

Bai tambaya ba. Ya gaishe shi a tsaye, ya hau babur ya tafi. Daga nan maganar ta zagaya dangi. Duk taron sunan da na je sai wani ya tambaye ni ko gaskiya ne na gurgunta motar tsoho.

Bayan Sallar layya aka yi rasuwa a dangin matar Yaya a Maradun, ya aiko a ba shi motar. Baba ya ce a ba shi, na miƙa makulli raina ba ya so. Abin da ban sani ba, daga gidana gareji ya wuce, ya sa aka murza zobban nan har ƙarshe, motar ta tashi fiye ma da yadda take tun asali. Wai kunya yake ji surukansa su gan shi a mota mai jan ciki.

Ranar Juma'a ya dawo da ita, daf da lokacin masallaci. Ina ciki ina neman dardumar Baba na ji ƙarar inji, na kuma ji muryar Yaya yana cewa, “Taho Baba, yau ni za ni kai ka.” Baba ya fita da sandarsa. Ya kama ƙofa, ya juya baya, ya saki jiki inda ya saba samun kujera. Kujera ba ta nan. Ya zame ya faɗi a kan hannunsa na dama.

Na fito na tarar da shi a ƙasa, hularsa can gefe, maƙwabta sun taru. Yaya yana tsaye da makulli a hannu yana ta salati. Na ture shi na ɗauki Baba.

A asibiti aka ce wuyan hannu ya karye. Hannun da yake cin abinci da shi, yake jan carbi, yake tsarki. A barandar asibitin Yaya ya matso ya ce, “Ƙaddara ce, ka yi haƙuri.”

“Ƙaddara ta riƙe sifana?” na ce.

“Ni kake gaya wa haka? Ni na goya ka.”

“Ka goya ni. Shi fa, ka taɓa ɗaga shi sau ɗaya tun da ya kwanta? Da ka taɓa, da ka san abin da ka ɓata.”

Ya ɗaga hannu kamar zai mare ni. Na tsaya ina kallonsa har ya sauke.

Na sa aka sake sauke motar a washegari, amma aikin gama ya gama. Ƙashin tsoho ba ya ɗoruwa da sauri, kuma ko da aka kwance ɗaurin, tsoro ya riga ya shige shi. In muka zo bakin ƙofar sai ya tsaya ya jira in ɗauke shi.

Goggo ta zo daga Kaya ta zaunar da mu, ta yi kuka, ta ce ciki ɗaya muka fito. Na saurare ta don girmanta. Yaya bai ce ya yi kuskure ba, har yau kuma bai ce ba. Abin da yake gaya wa mutane shi ne, da ban taɓa motar ba tun farko, da ba a kai ga haka ba.

Muna gaisawa in mun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar iyali da dabbobi. In ya miƙo hannu ina ba shi nawa. Amma tun daga ranar bai ƙara cin tuwon gidana ba, ni kuma ban taɓa cewa a zuba masa ba.