Inna Kulu da Dakan Ƙaiƙayi

Bana shekara arba'in ke nan da aka kai Inna Kulu mai fura makwancinta, a ƙauyenmu da ke bayan Kebbe. Ba ita ta haife ni ba, ko kaka ba mu haɗa ba. Danga ce kawai ta raba gidanta da gidan da aka kai ni aure. Amma ba don ita ba, da ɗana na fari, wanda har yau bakina bai iya kiran sunansa sai dai in ce Alhaji, bai kai yaye ba. Na daɗe ina cewa zan rubuta labarinta, don kada karatun da na yi a ajin yaƙi da jahilci ya tafi a banza. Abin da ya faru a bayan katangarmu watan jiya ne ya zaunar da ni.

A farkon shekarun mulkin kai ne, lokacin ana ta murna ana cewa Arewa ta zama tamu. Mu dai a ƙauye ba mu ga canji a tukunya ba. Tsuntsu ya sauka wa gero da kakar da ta wuce, abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Kafin damina ta yi tsaka rumbunmu ya koma ɗakin ɓeraye, su ma ɓerayen suka watse. Tafasa muke dafawa da gishiri, in an samu gishirin. Ina goyo, nono ya ɗauke. Yaron tun yana kuka da ƙarfi har ya koma sai dai ya buɗe baki, murya ba ta fita.

An kawo hatsin agaji, ba zan ce ba a kawo ba. Mota ta sauke shi a Tambuwal, ruwa ya yanke hanya, sai jakuna suka ƙarasa da abin da suka iya zuwa Kebbe. To amma sai maigida ya je da ƙafarsa, ya tsaya gaban jama'a, ya faɗa da bakinsa cewa rumbunsa ba kome. Wanda ya shirya haka bai san manomin wancan zamani ba. Malam, maigidana, Allah ya jiƙansa, ya saɓa buhu ya kama hanya, ya kai bakin fadama ya juyo. Ya ce gara a ɗauke shi a makara da surukansa su gan shi yana miƙa hannu. Na ji haushinsa a ranar, wallahi har yau in na tuna ina ji. Sai dai ni ɗin ma ba ta canza zane ba. Kullum la'asar sai in zuba ƙaiƙayi a turmi in yi ta lugude, don maƙwabta su ji gidanmu ma ana daka.

Ana haka wata rana Inna Kulu ta leƙo ta saman danga, fuska ba annuri.

"Ke amarya, tunda kina da ƙarfin wanga lugude haka, zo ki yi min surhe. Bayana ya ƙi."

Ta miƙo ƙatuwar ƙwarya shaƙe da gero, ta haɗo da wata 'yar ƙarama. Ta ce in na gama in cika mata ƙaramar, sauran kuma kada in dame ta da shi, ba ta da wurin zubawa. A al'adarmu, wadda ta yi wa wata surfe ita ke riƙe dusa da ƙasari, wannan hakkinta ne, ba mai kiransa sadaka. Amma abin da ya rage a babbar ƙwaryar ba dusa ba ne, tuwon gida guda ne. Na tsaya ina kallonta, ta daka min tsawa wai ko so nake rana ta faɗi ba ta kirɓa fura ba.

Haka ta yi ta yi har sabon gero ya nuna. Kuma ba ta taɓa karɓar aikina da daɗin rai ba. Kai, matar nan ta iya faɗa! Sai ta ɗaga murya yadda duk unguwa za ta ji, wai surfena bai fita ba, wai 'yan matan yanzu hannunsu ba ƙashi. Ina komawa gida ina hawaye ina tsine mata a zuci, Allah na tuba. Sai da hankali ya zo mini na gane faɗan ba nawa ba ne. Don kunnen unguwa take yi, a san aiki nake yi mata, kada wani ya ce ciyar da gidan Malam ake yi.

Shi Malam ba wawa ba ne. Ya ga tuwo ya dawo, ya ga yaro ya fara kama nono, ya je ya tsaya bakin zaurenta yana kame-kame, wai yana jin kamar ladan aikin ya yi yawa. Ta ce masa, "Mi ya kai namiji cikin zancen turmi? In ka hana matarka, kai za ka zo ka yi min dakan?" Ya juyo da mutuncinsa cif, ya ci tuwonsa. Sai bayan rasuwarta, a zaman makoki, mata suka fara tonawa, ashe ba ni kaɗai ba ce. Ashe a daminar nan ba mai kuɗin sayen fura, tasoshinta na aure da awakinta ta yi ta aikawa kasuwa ana musanyo mata gero. Na taɓa tambayarta yadda ta gane halin da nake ciki. Cewa ta yi ƙaiƙayi ba shi da nauyi a kunne, ta ci gaba da tsince wakenta.

Ina yawan tambayar kaina, da Inna Kulu za ta dawo yau, me za ta saurara? Ƙauyen namu ma babu kowa, 'yan bindiga sun tashe shi, gonaki sun zama daji. Mutanen da ke ciyar da kasuwa su ne yanzu ke raɓe a kangayen mutane a cikin gari. Agaji yana zuwa jefi-jefi, ya tsaya inda kwalta ta tsaya. A jera mata a rana tun hantsi, a ɗora wa kowace 'yar leda a ka, a ce ta ɗago fuska a ɗauke ta hoto da waya. Tir! Abin da Malam ya guda a bakin fadama bai kai rabin wannan ba. Masu irin zuciyarsa kuwa har yau akwai su, suna nan cikin ɗaki sun yi shiru. Ga shi ba mai daka kuma, kowa inji yake kai niƙa. An yi katangar bulo da ƙofar ƙarfe, mai ci da marar ci duk shirunsu ɗaya.

Ni yanzu a Tambuwal nake zaune, gidan Alhaji. Ya yi furfura, yana da jikoki, in ya zauna cin tuwo sai in ƙura masa ido har ya tsargu. Duk abin da ya rage na Inna Kulu a duniya ina jin shi ne wannan, mutanen da ke yawo da ransu ba su san a bakin wa suka samu ba. Dabarar tata kuwa an binne ta da ita, ko ni da na ci moriyarta ban gaje ta ba.

Da bazara wata yarinya mai suna Rabi ta tare a kangon da ke jikin katangarmu, ita da 'yarta ƙarama. Daga wajen Kebbe suka gudo, mijin ya tafi kudu neman aiki. Yarinya mai tsafta, mai kunya, mayafinta kullum a wanke. Takan shigo ɗibar ruwa, ta durƙusa ta gaishe ni, 'yar na goye a lulluɓe. Na lura 'yar ba ta rigima, har na yaba, na ce Allah ya ba ta mai haƙuri.

Watan jiya da hantsi muka ji salati daga kangon. Da matan da suka yi wa gawar 'yar wanka suka fito, ɗayarsu ce ta ce mini ba abin da ta taɓa sai fata da ƙashi. Aka duba ɗakin, tukunya ɗaya ce, a wanke, a kife, ƙura ta hau bayanta.

Na dogara sandata na shiga, na zauna kusa da Rabi. Na ce, ɗiyata, katanga ɗaya tsakaninmu, mi ya hana ki faɗa mini? Ba ta ɗago ba.

"Kullum kina tambayata, Iya," ta ce. "Kina cewa ina kwana, ina cewa lafiya lau."

A ranar, buhun geron da Alhaji ya ajiye mini a ƙuryar ɗaki ko rabi ban ci ba.