Abin da Baba Ya Ajiye a Kwandon Shara

Ni ce na goge wasiƙun Yayana, da hannuna, wata ranar Talata tsakanin la'asar da magariba, kuma ina yi ina jin kaina gwana. Gara in faɗi haka tun farko, don na gaji da kewaye-kewayen 'yan gidanmu idan maganar ta taso, wai kwamfuta ce ta lalace. Kwamfuta ba ta lalace ba. Tsayawa kawai ta yi, ni kuma na zo gyara.

Gidanmu yana Nassarawa, irin tsofaffin gidajen ma'aikatan nan masu faɗin fili da darbejiya a bakin ƙofa. Baba ya yi ritaya daga aikin gwamnati tun ina sakandare, amma bai yarda ofis ya rabu da shi ba. Ya mai da ɗaki guda ofis, ya sa tebur da kabad ɗin fayil da wata kwamfutar tebur mai ƙaton kai wadda ta girmi duk jikokinsa. Kullum bayan azahar yakan shiga ya turo ƙofa ya duba imel, da wata manhaja da aka sa masa tun ranar da aka kawo kwamfutar. Ni ce auta, kuma tun ranar da na tashi rimot ɗin talabijin daga mutuwa ta hanyar canza masa batir, na zama injiniyar gida.

Yaya shi ne ɗan fari, don haka Baba bai taɓa kama sunansa ba. "Yaron nan" yake cewa, har yaron nan ya tara gemu. Da ya gama jami'a, Baba ya taka da ƙafarsa ya je ya roƙi wani tsohon yaronsa na ofis, mutumin da shi ya koya wa rubuta takarda, ya samo wa Yaya gurbin aiki. Ranar ganawa Yaya bai je ba. Ashe ya riga ya sami aikin gyaran injin jirgin ruwa a ƙasar waje, tsoro ya hana shi faɗa. Baba bai taɓa shan kunya irin wannan ba. A gaban Umma da kawunmu ya rantse da Allah ba zai amsa saƙon yaron nan ba, kuma ba zai ajiye takardarsa ba. Aka yi ta ba shi baki, har limamin masallacinmu ya tuna masa cewa kaffarar rantsuwa ciyar da mutum goma ce. Baba ya ce ya ji.

Yaya bai daina rubutu ba. Kusan kowace Juma'a sai saƙonsa ya shigo, har shekara takwas. Na sha ganin Baba ya hangi sunan, ya murtuke fuska, ya sa yatsa ɗaya ya danna gogewa. Duk mun ɗauka nan maganar take ƙarewa. Daga baya Yaya ya kwanta gajeriyar rashin lafiya, ya rasu a can, aka binne shi a can. Baba ya karɓi gaisuwa kwana uku a ƙofar gida, ba wanda ya ga hawayensa.

Shekara biyu bayan haka, wata Litinin, na zo gida gaishe su, sai na ji ya ƙwala mini kira daga ofishin.

"Auta, zo ki ga abar nan."

Manhajar ta buɗe rabi ta ƙame. Fuskar kwamfutar ta yi fari fat, wani ɗan zobe yana ta juyi a tsakiya. Na danna nan, shiru. Na danna can, shiru. Na kashe na kunna, na zare waya daga bango na mayar, har hure ƙura na yi daga bayanta kamar mai tofi. Komai na kwamfutar yana aiki, imel ɗin ne kawai da an taɓa shi sai ya sandare. Baba yana tsaye a kaina, hannu a baya, yana numfashi ta hanci.

"Baba, wa zai rubuto maka da har ka ƙi cin abinci? Gwamna?"

Bai yi dariya ba. Ya ce in dawo gobe in duba da kyau.

Washegari na dawo da ilimina, wanda na kwaso daga intanet a wayata. Masu bayani suka ce duk saƙonni a cikin fayil guda suke taruwa, idan ya yi ƙiba da yawa sai manhaja ta kasa ɗaga shi. Magani uku ne: a riƙe wani madanni yayin buɗewa don ta tashi a hankali, a zubar da kwandon sharar da gogaggun saƙonni ke taruwa a ciki, sannan a matse fayil ɗin ya rage girma. Baba ya fita sallar la'asar, kuma na san sai ya zauna hira da tsofaffin abokansa kafin ya dawo. Na riƙe madannin, sai ga ta ta buɗe. Na duba kwandon, na ga saƙonni dubbai, tun na zamanin da aka sayi kwamfutar. Har dariya na yi. Ban buɗe ko ɗaya ba, wa yake tonon shara kafin ya zubar? Kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Da na zo matsewa ta sake tambaya, na sake tabbatarwa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa ranar na saka shi har wuya.

Da Baba ya dawo na miƙe na ba shi kujera, ina jiran a sa mini albarka. Ya sa tabarau, ya kama maus. Bai kalli sababbin saƙonni ba. Hannunsa ya gangara kai tsaye zuwa kwandon, kamar mai bin hanyar ɗakinsa. Ya danna, babu komai. Ya sake dannawa.

"Ina kayan da ke nan?"

"Shara ce, Baba. Ita ce ta cika ta, na zubar."

"Duka?"

"Duka."

Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. Sannan ya ce, "Takardun yaron nan suna ciki."

Umma ce ta ƙarasa mini bayanin a kicin, tana yanka albasa ba ta kalle ni ba. Baba ya rantse ba zai ajiye ba, to abin da aka jefa a shara ba a ajiye shi ba, rantsuwa ta tsira. Amma ba wanda ya hana mutum karanta abin da ke cikin shararsa. Shekara goma ke nan, wannan shigar ta bayan azahar, abin da yake yi ke nan. Ta sani tun da daɗewa, shi ma ya san ta sani, ba wanda ya taɓa furtawa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata da mutum ɗaya a gidan nan ya buɗe baki ya ce mini kada in taɓa kwandon, da ba haka ba. Ta ce, "Da wane bakin zai gaya miki?" Sai na fita bayan gida na yi kukana.

Daga nan na shiga fafutuka. Na buɗe akwatin imel ɗin Baba ta intanet, ko kamfanin ya ajiye kwafi. Saƙo biyu na tarar, na ranar. Ashe wanda ya sa manhajar tun farko ya saita ta ne ta riƙa kwaso saƙo tana share shi daga can, don haka abin da ke cikin kwamfutar shi ne kaɗai a duniya. Na tuna da ɓangaren Yaya, sai na ga da adireshin wurin aikinsa yake rubutowa, kuma sun rufe shi bayan rasuwarsa. Da safe na sauko da manhajojin kyauta har uku masu alƙawarin dawo da abin da aka goge, na zuba su a kwamfutar. Kowacce ta yi ta bincike na awanni, ta dawo mini da hotunan biki da tsohuwar takardar fansho.

Ranar Alhamis na haƙura na kira mai gyara. Wani dattijo ne daga Gawuna, ya zo a babur da jakar kayan aiki a rataye. Ya saurare ni har ƙarshe, bai katse ni ba.

"Hajiya, bayan kin zubar, kin yi wani abu?"

"Na matse fayil ɗin."

Ya runtse ido. "Bayan nan fa?"

Na gaya masa zancen manhajoji ukun. Ya yi salati a hankali, sannan ya yi mini bayani yadda zan gane. Zubar da kwandon, in ji shi, kamar kai shara bola ne, mai haƙuri zai iya tsinto kayansa. Matsewa kuwa motar kwasar shara ce ta zo. Su kuma manhajojin da na zuba, sun zauna ne a kan ɗan abin da ya zube a ƙasa. Na ce Malam, don Allah ka yi wani abu. Ya ce ba ya alƙawari. Ya kwance kwamfutar, ya ciro faifan da ke cikinta, ya naɗe a hankici ya tafi da shi.

Kwana huɗu muna jira. Da Baba ya yi mini faɗa da na sami sauƙi, amma ko kallon banza bai yi mini ba. Yana amsa gaisuwata yadda ya saba, har tambayar yara yake yi. Sai dai bayan azahar, ya shiga ofishin ya turo ƙofa, ya zauna gaban kwamfutar da aka fafe cikinta, lokacin fitowarsa ya yi ya fito. Kullum ina kiran mai gyara sau uku, har ya ce in yi wa Allah in bar shi ya yi aiki. Ba abin da ya rage mini sai zama da waya a hannu, ban taɓa jin kaina ba amfani kamar a kwanakin nan ba.

Ranar Litinin mai gyara ya dawo da wata 'yar ambulan, ya mayar da faifan cikin kwamfutar. Cikin wasiƙun shekara takwas, tara ne suka fito cikakku. Akwai wasu gutsattsari, layi ɗaya na Hausa sai tarkacen alamomi da ba mai iya karantawa. Ya buga duka a takarda. Baba ya yi masa godiya, ya raka shi har bakin ƙofa, sannan ya dawo ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ina tsaye ina jira. Da ya gama ya daidaita gefen takardun a kan tebur.

"Ba ta ciki."

"Wacce, Baba?"

"Wadda ya rubuto makon bikinki." Ya miƙe daga kujerar. "Zauna. Buɗe inda ake rubutu."

Na zauna. Ya koma kujerar baƙi, ya rufe ido, ya fara da irin muryar da yake karanta takardar ofis, ba hawa ba sauka.

"Assalamu alaikum, Baba. Ina fata kuna lafiya, kai da Umma. Na san ba za ka amsa ba, ba komai, ni dai in gaishe ka."

Na shiga bugawa. Yaya ne sak, har da yadda yake tsallake daga magana zuwa magana. Sanyi ya tsananta a can. Ya dafa miyar kuka da daddawar da Umma ta aika masa, maƙwabta sun buga masa ƙofa suna tambaya ko wani abu ya mutu a ɗakin. Ya nemi hutu don ya zo biki, an hana shi. Baba bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, har muka cika rabin shafi.

"Ita kuma auta, ka gaya mata..."

Ya tsaya. Na ɗaga yatsuna ina jira.

"Ka gaya mata..."

Ya koma layin da ya gabata, ya sake taho da shi a hankali, ya sake tsayawa a wuri guda. Ya yi haka sau uku. Leɓensa yana motsi, ba abin da ke fita.

"Layi biyu ne kacal," in ji shi. "Kwanan nan na karanta shi. Cewa ya yi in gaya miki, ni kuma ban gaya miki ba, don kada a san na karanta."

Na ce ba komai, Baba, zai dawo maka. Muka zauna har aka kira la'asar, bai dawo ba. Washegari ma mun gwada, da jibi. Na sha tambayarsa ko da ma'anar ce kawai, nasiha ce, tsokana ce, ko addu'a? Sai ya girgiza kai ya ce ba zai sa wa mamaci magana a baki ba.

Wasiƙar tana nan a wurina yadda muka bar ta, rabin shafi, ta tsaya a kan "ka gaya mata".