Ranar da Gwaggo ta miƙo min muciya

Ina zaune a kan farar kujerar roba, an dire min ruwan gora, duk wadda ta wuce sai ta rusuna ta ce, "Sannu da hanya, Hajiya."

Ni fa! A gidan da aka binne cibiyata!

Shekara tara rabona da garinmu Ɗanzomo, sai bikin Ummi, 'yar baffana, ya kawo ni daga Abuja. Wallahi karramawar nan ta fi min zagi ciwo. Na zama baƙuwa ke nan?

Sai ga Gwaggo Asabe, yayar babanmu, ta fito daga madafa tana share gumi.

"Ke Hadiza, kujera kika zo ɗumamawa? Tashi ki kama muciya!"

Na ci ɗamara, na hau tuƙa tuwon dawa, hayaƙi na sa ni hawaye. Ta leƙa tukunyar, ta taɓe baki.

"Har yanzu da gudaji. Ashe Abujar ba ta koya miki komai ba."

Jama'a, ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Wanda bai manta gudajin tuwonki ba, ai bai manta da ke ba.

Ku fa, faɗan wa kuke ji ku san kun iso gida?