Mai Fanka Biyu da Mai Fanka Uku

Sana'ata ɗaukar bidiyon mata ce. A ƙauyenmu da ke bayan Gezawa namiji ba ya ratsa cikin gida da kyamara ranar suna ko walima, don haka ni ake kira. Ɗaukar ba ta ba ni wuya. Tacewar ce ke cin raina, domin kwamfutata ta tsufa. In na sa ta fitar da bidiyon biki ɗaya, sai in yi wanki, in shanya, in kwashe, ita tana nan tana nishi. Mata kuwa ba su san haƙuri ba a kan hotonsu. Akwai wadda ta aiko mini sau uku a yini ɗaya.

Yayana yana gyaran kwamfuta a birni, kullum ya bi motar safe ya dawo da yamma. Shi ya ce ciwon ba na kwamfutar duka ba ne, katin hoto ne ya gaza, wato allon da ake sokawa a cikinta wanda duk aikin bidiyo ke bi ta kansa. Wata Asabar cikin bazara ya dawo da guda biyu a kwali, na hannu ne amma lafiyarsu lau. Mai shagon da ya karɓo su a wurinsa ya yarda in gwada su zuwa Alhamis, in riƙe ɗaya, a mayar masa da ɗaya. Wanda na riƙe kuma shi ke nan, don ba kowace shekara ake irin wannan sayayya a gidanmu ba.

Ɗaya ɗan madaidaici ne, fanka biyu, ma'ajiyarsa giga takwas. Ɗayan fanka uku ne, giga goma sha biyu, dogo har sai da Yaya ya kwance wani ƙarfe a cikin akwatin kwamfutar kafin ya shiga, ga wasu 'yan fitilu a jikinsa masu canza launi. Ba zan ɓoye ba, fitilun nan ne suka fara tafiya da ni tun kafin a kunna komai.

Yaya ya lura. Ya ce, "Kar ki bi kwalliya. Babban nan yana cin wuta kusan ninkin ƙaramin, waya biyu ake jona masa. Ku kuma sola ce da ku."

Gaskiya ya faɗa. Farantan sola huɗu ne a kan rufinmu, su ke riƙe fitilu da fankar Baba da kwamfutata da firizar Inna, mahaifiyarmu, wadda take sayar da kunun aya da ƙanƙara. Inbata, wato akwatin da ke raba wutar, a ɗakin Inna yake. Amma ni na riga na ƙeƙasa ƙasa.

Na ce, "Yaya, kai ka saba da kayan da suka mutu, shi ya sa mai rai yake ba ka tsoro."

Ya yi dariya ya ce, "To malama, gwada mu gani."

Na zaɓi aiki ɗaya don kada a ce na yi son kai: bidiyon saukar karatun matan aure na Islamiyyar unguwarmu. Ranar Lahadi na sa ƙaramin. Na ba shi aikin, na je na yi azahar, na ci abinci, na dawo na tarar ya gama. Da a ce shi kaɗai aka kawo mini, da ranar na yi rawa. Sai dai in na jibga wa bidiyo furanni da rubutu mai yawo, irin wanda matanmu ke so, yakan ɗan yi tuntuɓe kafin ya wuce.

Ranar Litinin aka sa babban. Na ba shi aikin, na yi alwala, na yi sallah, ina sallamewa ya gama. Na zuba masa furanni har fuskar malamar ta kusa ɓacewa, ko a jikinsa. Aibinsa biyu na gani: yana huci kamar injin markaɗe, kuma ɗakin yakan ɗauki zafi har gumi ya riƙa bin bayana. Na toshe kunnuwana da abin sauraro na ci gaba. Kwana biyu ina kansa tun hantsi har la'asar, na share duk aikin da ya taru mini, wuta kuma ba ta ɗauke ko sau ɗaya ba. Kullum Yaya ya dawo sai na tare shi a zaure in ce, "Ina wutar da ka ce za ta gaza?" Shi kuwa sai ya sosa ƙeya ya ce abin ya ɗaure masa kai.

Ranar Laraba bayan azahar na cire abin kunnena don in sha iska, sai na ji muryar maƙwabciyarmu a tsakar gida.

Tana cewa, "Inna, kunun nan fa ya juya. Jiya ma haka, na dai yi shiru ne."

Inna ta ba ta haƙuri a hankali, ta ce ta bari gobe za ta aika mata da wani. Abin ya ba ni mamaki, don kunun Inna ba ya tsami. Matar na fita na shiga ɗakin Inna. Wayar firizar na yashe a ƙasa. Na ɗaga murfin, ƙanƙara duk ta zama ruwa, robobin kunu suna iyo a ciki.

Na ce, "Inna, wa ya cire wannan?"

Ta ce, "Ni ce. Tun Litinin in wancan naki ya fara huci sai akwatin nan ya kama kuka. Na gwada cire firizar sai ya yi shiru. Sai kin tashi da la'asar nake mayarwa."

Da la'asar rana ta riga ta yi sanyi, babu abin da zai daskare. Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Na zo zan faɗa. Na leƙa na ga kina ta dariya ke kaɗai. Rabon da in ga kina aikin nan fuskarki a sake tun bara." Ta ci gaba da tsame robobin. "Ki riƙe abinki. Kunun aya ai ba dole ba ne."

Kwana biyu ina yi wa Yaya burga da nasarar da ba ta katin ba ce, ta Inna ce, ni kuma ko leƙa ɗakinta ban yi ba. Kunya ta kama ni, son ta kuma ya cika mini ƙirji. Na durƙusa na mayar da wayar a bango, na je na kashe kwamfutar.

Da kaina na kwance babban na sa shi a kwalinsa. Da Yaya ya dawo na faɗa masa komai, na tsaya jiran tsiya. Sai kawai ya dubi Inna tana wanke sabuwar aya a bakin rijiya. Ya mayar da ƙaramin ya ɗaure, kuma shi nake aiki da shi har yau, firiza na nata ina nawa.

Da safiyar Alhamis ya ɗauki kwalin zai fita. Ina ɗaki na ji Inna ta bi shi har zaure tana magana ƙasa-ƙasa, wai don kada in ji.

Ta ce, "Ka tambayi mai shagon ko zai ajiye mata shi zuwa kaka. In an sayar da gyaɗata sai a ƙaro farantin sola."